Saƙon da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Inna ta riga mu gidan gaskiya, mu ma muna kan hanya.

Tun da aka kai ta makwancinta, gidanmu na Kibiya bai rabu da baƙi ba. Danginta daga Fassi, dangin marigayi Baba daga Zurgu, maƙwabtana na Rano da suka cika mota guda suka biyo ni, har da matan da suka yi shekara da shekaru suna sarin man gyaɗa a hannunta. Kowacce ta zauna a tabarma ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." A yi addu'a a shafa. Da a nan ake tsayawa, da ban ce komai ba.

Amma da an shafa sai a matso kusa, a rage murya. "Ikon Allah. Ba an ce ta warke ba? Mu dai mun ji an ce jini ya dawo." Wata dattijuwa ta dafa gwiwata ta ce ita da idonta ta ga hoton asibitin a hannun Kawu, jijiyoyi sun cika fal, babu inda ya rage. Wata kuma, wadda ban ma san ta ina muka haɗa dangi ba, ta ce, "Ni fa na ɗauka kunya ce kawai ta hana ta magana." Nan na miƙe na shige ɗaki, don na san bakina, kuma gidan makoki ba wurin faɗa ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai ƙananan jikokinta ne. Su abin da suka sani wata tsohuwa ce a jingine da bango, hannu a naɗe, ba um ba um-um. In muka yi shiru haka za a riƙa tuna ta, matar da hoto ya ce ta warke ita kuma ta ƙi magana. Ni ce ta biyu a 'ya'yanta, ni na fi kowa shan muryarta, don haka ni zan faɗa.

Matsar gyaɗa Inna take yi tun kafin a haife ni. A soya, a murje, a kai inji, a juye a turmi, ta kama muciya tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Sannan ta matse tunkuzar da hannun dama, ta mulmula ƙuli-ƙuli ta soya a cikin man. Hannun nan nata, in ta riƙe miki kunne da shi sai kin wuni kina jin zugi. Bakinta kuwa ya fi hannun ƙarfi. Tana juya turmi tana yi wa kaji faɗa, tana yi wa rediyo gyara, tana amsa wa maƙwabciya ta kan katanga, duk a lokaci guda. In mai saye ya leƙa turmi ya ce, "Inna, yau gyaɗar nan za ta yi mai," sai ta harare shi ta ce, "Ba a yabon tunkuza a turmi. Bari ka ga mai a kwalba tukuna."

Da siyasa ta dawo, masu neman ƙuri'a suka shigo mana da sabulu. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce su gaya wa wanda ya aiko su ta gode, amma ramukan hanyar nan ba wanka suke so ba. Sabulun kuma ba ta mayar ba, ta wanke kwalabenta da shi.

Alherinta kullum a naɗe yake cikin faɗa. Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ba ta da sana'ar komai. Inna ba ta je ta zauna ta taya ta kuka ba. Ta aika aka kira ta, ta miƙa mata muciya ta ce, "Riƙe nan, kin tsaya kamar an dasa ki." Ta yi damina guda tana zaginta a kan yadda take yayyafa ruwa, sannan ta fara korar wasu masu sayenta zuwa gidan matar, wai ita ta gaji da ganin fuskokinsu. A makokin nan babu wanda ya yi kukan da matar nan ta yi.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin nan bai taɓa faɗa wa magana kai tsaye ba: Yaya, ɗanta na fari. A dangin Inna kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, ita kuma ta ɗauki abin ta ƙara masa gishiri. Ana yaye shi aka kai shi Fassi wurin kaka. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa. Sunansa a bakinta "wancan". In ya shigo gaisuwa ya tsuguna daga nesa, sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska, ta amsa da "mm" kamar da turmi take. Sannan ta kira ni. "Ki gaya wa wancan tuwonsa yana rufe." Yana tsugune a gabanta, kunnensa ƙalau, amma sai na juya na maimaita masa. "Ki gaya wa wancan ya rage gudu, hanyar Kano ba gadon ubansa ba ce." Ko da na yi aure na koma Rano aikin bai bar ni ba. Da wayar hannu ta zo, sai ta kira ni a Rano in kira shi a tashar Kibiya, tashar da in ka ɗaga murya daga ƙofar gidanmu za a ji ka.

Ban taɓa ƙara mata kalma ba, ban taɓa ragewa ba. Yaya ya san haka, shi ya sa in na ce "Inna ta ce," ba ya tambaya sau biyu.

Direba ne, yana jigila tsakanin Kibiya da Kano. Inna ba ta taɓa shiga motarsa ba. Gara ta zauna a tasha rana ta dake ta har wata motar ta cika. Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, ana ta maganar mata su koma kujerar baya su kaɗai, ta ce ita ba ruwanta, tun kafin a yi wannan dokar take da tata: motar wancan dai ba ta shiga, gaba ko baya.

Amma duk ranar suya, in ta gama mulmula na sayarwa, sai ta dunƙule wani ƙato a tafin hannu, ta matse shi har yatsunta su fito a jikinsa, ta soya shi a ƙarshe. Ta turo mini ba tare da ta dube ni ba. "Ki gaya wa wancan wannan ya lalace, ba zai sayu ba." Shekara da shekaru, kullum sai guda ɗaya ya lalace. Yaya ya karɓa ya sa a aljihun gaba ya koma lodi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, farkon damina. Iska ta kayar da rumfar da take suya a ƙarƙashi, ta aika ta bakina: "Ki gaya wa wancan rumfa ta faɗi, in yana da ido." Da hantsi ya bar lodi ya taho da itace da ƙusoshi. Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan, tana tsakar gida tana tsince wake. Yana yin sallama Inna ta ja mayafi ta jingina da bango kamar kullum. Ya gaishe ta, ko "mm" ɗin ba ta yi ba. Muciya ta zame daga hannunta ta faɗi, Goggo ta yi dariya ta ce, "Kunyar ɗan fari har da yar da muciya, da furfura da komai." Yaya ya kama aikinsa, bai dubi inda take ba, don duban ma a wurinsu rashin kunya ne. Mutum biyu a tsakar gida, duka masu ƙaunarta, ɓarin jikinta yana shanyewa a gabansu, kowa yana ganin tarbiyya ce.

Rana ta ɗaga sosai na iso daga Rano. Ina shiga na ga kaji sun yi dandazo a kan faifan gyaɗa, dab da ƙafarta, suna ta sha'aninsu. Ko a gaban Yaya kaza ba ta isa ba, in baki ba zai yi ba takalmi zai yi. Na yaye mayafin. Bakinta ya karkace, yawu yana bin haɓa, hannun dama a yashe a cinya. Idonta kuwa tar a kaina, da irin kallon da take yi wa wanda ya ɓata mata lokaci.

Na kira Auta, ƙanwarmu da ke aikin jinya a wani babban asibiti a Kano. Ta ce, "Adda, kada ku ba ta komai a baki. Kada ku tsaya kemis, kada ku tsaya wurin kowa. Ku taho yanzu." Yaya ya ciccibe ta ya kai mota. Tun da aka yaye shi bai taɓa jikinta ba sai ranar, kuma ranar ce ta fara shiga motarsa. Gudun da ta yi shekaru tana aika a hana shi, ranar ya yi shi duka.

A asibitin aka ɗauki hoton kanta, aka ce gudan jini ne ya toshe wata babbar jijiya a ƙwaƙwalwa. Likita ya ce akwai allurar da ke narkar da shi, amma tana da lokaci, in ya wuce ba a yin ta, don sai ta zama illa. Ya tambaya yaushe aka ji maganarta ta ƙarshe lafiya lau. Goggo ta ce, "Tana cikin yi wa kaza faɗa yaron nan ya yi sallama, shi ke nan ta yi shiru." Likitan ya juya ga Yaya ya tambaye shi lokacin da ya yi sallamar. Ya faɗa. Likitan ya dubi agogo ya ce, "To, daga nan za mu fara lissafi. Saura kaɗan, amma za mu yi." Ba da wata manufa ya faɗa ba, aikinsa yake yi. Ni dai na ga maganar ta soki Yaya kamar ƙaya. Daga sallamarsa aka fara ƙirga ciwon uwarsa, kuma tun daga ranar bai daina ƙirgawa ba.

Washegari aka sake hoton, likitan ya kira mu ya jera mana guda biyu. A na farko jijiyar ta taho ta tsaya cak kamar reshen da aka sare. A na biyu reshen ya ci gaba, ya yi 'ya'ya. Kawu, ƙanen Inna, wanda ya iso da safen, ya ɗaga hannu yana hamdala. Likitan ya ce, "Alhaji, ka ji sauran. Babbar jijiyar ta buɗe, jini ya wuce, kuma abin godiya ne, don da bai wuce ba da ba wannan maganar muke yi ba. Amma akwai wuraren da ya tarar jira ya riga ya lalata su, akwai kuma ƙananan jijiyoyi da hoton nan ba ya gani. Hoto jini yake aunawa. Ita kanta Mama sai nan da watanni za mu auna ta. Tana cin abinci da hannunta? Tana zagayawa da ƙafarta? Tana iya faɗin abin da take so?" Kafin ya kai aya Kawu yana baranda da waya a kunne, yana shaida wa Kibiya da kewaye cewa an yi nasara, jini ya dawo gaba ɗaya.

Awon na biyu a ranar aka fara shi. Wani matashin likita ya zo bakin gado ya ce ta ɗaga hannu. Na hagu ya tashi, na dama ya ƙi. Ya ce ta matse masa yatsu, hannun da ya yi shekaru yana fitar da mai daga gyaɗa ko motsi bai yi ba. Sai ya nuna Yaya, wanda ke rakuɓe can wajen ƙofa, ya ce, "Mama, wane ne wannan? Faɗi sunansa." Inna ta rufe ido ta kau da kai. Na ce, "Likita, ɗan fari ne. Ko da lafiyarta ƙalau ba za ka ji ba." Ya yi dariya ya ba da haƙuri, ya ce kakarsa ma haka take. Ya nuna ni. Ta dube ni, leɓenta yana rawa, ta yi ta yi, babu abin da ya fito sai iska. Dariyar ta tsaya a nan.

Da muka dawo gida, na bar Rano na tare a wurinta don jinya, Kawu kuma ya karɓe hoton ya ce shi zai adana. Adanar ita ce yawo da shi a hammata. A majalisa, a ƙofar masallaci, a rumfarsa ta hatsi, sai ya zaro ya ɗaga wa rana yana nuna wa mutane rassan. Duk garin ya ga cikin kan Inna, matar da ko ɗankwali ba ta cirewa a tsakar gida. Masu dubiya kuwa suka riƙa zuwa da hukuncinsu a baki. "Ai kin warke, Inna, ki daure ki yi magana." Tana jin su sarai, ba ta da bakin korar su. Wallahi sau da yawa ni na kore mata su.

An ce a riƙa kai ta Kano gashin ƙashi da koyon magana, Yaya ne mai kai wa. Tana zaune a baya, fuska a taga, daga Kibiya har Kano. Da aka ɗan jima babu wani sauyi na a zo a gani, Kawu ya tara mu ya ce a daina wahalar da ita a hanya. Hoto ba ya ƙarya, in ji shi. Jini ya dawo, abin da ya rage kunya ce da taurin kai irin nata, kuma muddin ana cusa ta a motar ɗan fari ba za ta buɗe baki ba.

Na ce, "Kawu, ni ba ɗan fari ba ce, me ya hana ta kira sunana? In hoton ne ya warke, to a ba hoton muciya ya juya tunkuza mu gani."

Ya ce, "Ke dai bakinki na uwarki ne."

"Alhamdu lillahi, tunda ita an karɓe nata. Kuma ita ce take cewa ba a yabon tunkuza a turmi."

Ya kaɗe riga ya fita. Ba mugunta ce ta sa shi ba, na sani. Inna ce ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma hoton nan shi kaɗai ne abin da ya gaya masa yayarsa tana nan yadda ya san ta. Amma shi ne babba, maganarsa ta zauna. Aka daina zuwa Kano har damina ta yi nisa, yatsun Inna suka fara lanƙwashewa suna shiga tafi. Sai da Auta ta zo ta yi kuka a gabansa, sannan ta samo wani mai gashin ƙashi a Rano da ya yarda ya riƙa zuwa gida. Har gobe in na tuna makonnin nan raina ɓaci yake.

Mai gashin ya kawo wata ƙwallon roba ya ce ta riƙa matsawa. Ta karɓa da hagu ta jefi kaza da ita. Sai na roƙi maƙwabciyar nan da ta koya wa sana'a ta dawo da matsarta tsakar gidanmu, ina gutsuro tunkuza mai ɗumi ina sa wa Inna a hannun dama. Wannan ba ta jefar ba. Sannu a hankali ƙafa ta dawo, tana jan ta da sanda har bayan gida. Tana cin tuwo da hagu tana jin haushin kanta. In muka koma asibiti aka yi tambayoyin nan, a ce an samu ci gaba kaɗan. Kalmar "kaɗan" ɗin nan na ji ta har na tsane ta.

Magana kuwa, abu ɗaya ne ya dawo. Wata rana da yamma ina gyara mata matashi sai na ji muryarta, a shaƙe amma tata ce: "Ki gaya wa wancan..." Na saki matashin na tsuguna ina jira. Bakinta ya yi ta motsi, jijiyar wuyanta ta miƙe, sauran ya ƙi fitowa. Ta buga cinyarta da hagu, hawaye ya zubo. Daga ranar, kusan kullum sai ta fara, kuma kullum a nan take tsayawa. Ba ta iya cewa ruwa, ba ta iya kiran sunana, sai wannan rabin saƙon. Likita ya ce haka ciwon yake, wani lokaci maganar da baki ya fi sabawa da ita ce take tsira.

Shi kuma Yaya ya daina shiga gidan. Kullum zai zo da lemo ko tsire ko magani, ya tsaya a zaure ya aika a kira ni. Na ce ya shiga, ya ce, "In na shiga shiru za ta yi. Shirun nan kuwa shi ya cuce ta." Mutum mai 'ya'ya har da suruki, ya rame ya yi baƙi, yana tsaye a zauren gidan ubansa kamar baƙo. Tun da ya ji labarin rabin saƙon, tambayarsa ɗaya ce in na fito: "Ta ƙarasa?" In ce a'a. Ya gyaɗa kai ya tafi. Na san abin da yake tsoro. Yana ganin ƙarshen maganar shi ne ya zauna a gabanta yana buga ƙusa tana mutuwa.

Auta ta ce, "Adda, ki ce masa ta ce ta yafe masa mana. Waye zai sani?" Na ce da farko dai me ya yi da za a yafe masa, rumfa aka ce ya gyara ya gyara. Na biyu, shi zai sani. Inna ba ta taɓa aika masa magana mai laushi haka ba, yana ji zai gane tawa ce, daga nan kuma duk saƙon da na taɓa kai masa ya zama abin shakka. Ita ma Innar ban ƙyale ta ba. Wata rana haushi ya ishe ni na ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗanki yana zaure yana ƙarewa. In baki ya ƙi, ki bari ya shigo ki dube shi kawai." Ta miƙo hannun hagu ta kama kunnena ta murɗe. Na hagun ma ba laifi.

Haka muka ci shekara, muka shiga ta biyu. Jini ya dawo, ƙafa ta dawo rabi, ni ina tsakanin ɗaki da zaure da rabin magana a hannu, ba ta gaba ba ta baya.

Da kakar bana aka cire sabuwar gyaɗa, maƙwabciyar ta zo matsa. Na gutsuro tunkuza na sa wa Inna a hannu kamar kullum. Da na zo karɓa ta hana ni. Ta tallafe wuyan hannun daman da na hagu, ta dunƙule, tana nishi, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Ta daɗe a haka har aka kusa gama suya. Abin da ya fito wani ƙullutu ne a karkace, ba shi da kan gado, amma ga shatin yatsu a jikinsa, sama-sama. Ta nuna kasko da haɓa. Na soya shi a ƙarshe na kawo mata a murfin kwano. Ta ce, "Ki gaya wa wancan..." ta tsaya inda ta saba tsayawa. Na jira bugun cinya da hawaye, ba su zo ba. Ta ɗora hannun daman a gefen murfin ta turo shi gabana a kan tabarma, bai fi taƙi guda ba.

Yaya ya yi lodin nesa ranar, sai na ƙulle a bakin mayafi na ce gobe. Washegari da hantsi tana jingine a bangonta, Goggo ta kawo mata koko ta tarar rai ya yi halinsa. Auta tana ganin wani gudan jinin ne. Wannan karon babu wanda ya ɗauki hoto.

Hidimar jana'iza da baƙi ta ɗauke mini hankali, sai ranar addu'ar uku na ji abu yana bugun gwiwata a bakin mayafi. Bayan la'asar, da maza suka watse daga ƙofar gida, na leƙa zaure. Yaya yana zaune shi kaɗai a kan tabarmar da aka bari, hula a gwiwa. Bai ɗago ba ya ce, "Ba ta ƙarasa ba ko?"

Na ce, "Da baki dai ba ta ƙarasa ba." Na kwance ƙullin na ajiye a gabansa. "Ta ce, 'Ki gaya wa wancan,' sannan ta turo wannan. Da hannun dama ta yi shi, da shi ta turo. Iyakar abin da na sani ke nan, ba zan ƙara ba."

Ya ɗauka ya jujjuya. Ya sa yatsunsa a cikin shatin nata, ɗaya bayan ɗaya. Can ya share fuska da hular, ya ce, "Ya lalace. Ba zai sayu ba."

Ya sa shi a aljihun gaba, ya miƙe, ya yi sallama ya shiga cikin gidan.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, ya yalwata mata makwanci. Mu da muka rage, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Harshen da aka ɗaure mata a nan kuma, ya Allah, ka sake mata shi a gaban masu tambaya.